Makanisiyen da ya gano ciwon motona bayan wata biyu ina zubar da kuɗi

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mata masu hawan moto roba-roba a nan Damagaram. Akwai wani dattijo makanisiye can bayan Kasuwar Dole da nake so in ba ku labarin aikinshi, don wallahi ya fid da ni daga wahalar da na kwashe wajen wata biyu a cikinta, kuma gaskiya zan faɗi duka, har da abin da bai min daɗi ba a wurin.

Motona 125 ne, irin marar giya ɗin nan, shekararshi uku a hannuna kuma da shi nake zuwa lekol kullum daga Garin Malam. Da hunturu ya shigo ya soma wani hali, da safe cikin sanyi taɓawa ɗaya ya tashi lafiya lau, amma in na yi tafiyar minti goma ya ɗau zafi, da na saki wuta ko na kama birki a rompuwan sai ralanti, wato bugun inji in ba a ba shi wuta ba, ya riƙa kakkarwa ya mutu, ga masu kabu-kabu a baya suna ta danna min oda. Salansa na warin ɗanyen mai, litar da take kai ni kwana uku ta koma kwana biyu da kyar. Bayan haka kuma fitilar gaba tana kyaftawa in na faɗa gargada, oda ta shaƙe, dimare sai dai ya yi ƙas-ƙas, dole in tada da ƙafa. Ni duk a tunanina ciwo biyu ne daban, na mai daban na wuta daban.

Wuri uku na je kafin shi, ba zan faɗi ko su wa ba. Na farko turnabis kawai ya sa ya ƙara ralanti, moton ya bar mutuwa amma in yana kan jaki tayar baya juyawa take ita kaɗai, in na tsaya kuma yana jana gaba sai na matse birki sosai, ranar da na ɗauko ɗiyata a baya na ji tsoro ƙwarai. Na biyu ya ce karbirato ya gama, na sayi sabo jika goma sha biyu, ko lekol ban kai ba ciwon ya dawo. Na uku ya ce batir ne, jika tara, kwana goma sabon batir ɗin ma ya kwanta. Buji kuwa uku na canja, kowane in an cire baƙi ƙirin da kunkunniya.

Wata abokiyar aikina ce ta yi min kwatancen wurin Baba. Rumfar kwano ce kawai da benci guda da yara aparanti uku, ba allo ba komai. Abin da ya fara burge ni bai taɓa moton ba sai da ya zaunar da ni ya yi min tambayoyi kamar likita, da sanyi yake mutuwa ko da zafi, fitila ta fara ko ralanti, na shiga ruwa da damina, ana wanke min shi da injin feshi? Na ce Baba ruwan da wankin duka biyu, a watan Agusta na sha ratsa ruwa kuma duk sati biyu ina kai shi wanki. Ya ce to Malama kar ki sayi ko ƙusa ɗaya yau, bari mu auna tukuna.

Ya ɗauko 'yar mitar awon wuta ya ɗora a kan batir moto na kashe, ta nuna 12.0, ya ce lafiyayyen batir da ya cika yana kai 12.6 ko kusa. Ya sa yaro ya tada ya ba shi wuta, lambar ba ta motsa ba. Nan ya kira ni in gani da idona, ya ce in inji na tafiya ya kamata ta hau tsakanin 13.5 da 14.5, in ta tsaya inda take to ba abin da ke shiga batir ɗin, ci kawai ake ba a zubawa, ko goma na saya duk haka za su ƙare. In kuma ta wuce 15 to regilato, wato abin da ke daidaita ƙarfin wuta, shi ne ya lalace, shi ne mai ƙona ƙwan fitila yana dafa batir. Wallahi a wurare ukun nan ba wanda ya yi wannan awon, kuma ko minti biyu bai ci ba.

Daga nan ya sa aka kwance robobin gefe ya bi wayoyin da suka fito daga bobin, wato abin da ke haifar da wuta a gefen inji, har ya iso wani fishi na roba inda suke haɗuwa da sauran wayoyin moto. Da ya zare shi sai ga ciki ya yi tsanwa-tsanwa da tsatsa, robar ta narke gefe ɗaya, waya mai ruwan ɗorawa saura siriri biyu ke riƙe da ita, farar ma ta yi sako-sako. Ya ce ɗiyata ga ciwonki nan duka biyun.

Ni ban gane ba, na ce Baba wuta na yarda, to mene ne haɗin waya da ralanti? Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ya nuna min wani ɗan baƙin abu a jikin karbirato mai waya biyu, ya ce shi ne cok otomatik, su suna ce mishi sitartar. Irin motocinmu ba su da cok na hannu, wannan abin ke yin aikin, in inji na sanyi hanyarshi a buɗe take yana ƙara mai don moto ya tashi da sauƙi, da inji ya tashi wuta ta bi wayar nan mai ruwan ɗorawa ta ɗumama shi, cikin 'yan mintoci wata allura ta sauko ta toshe hanyar ƙarin man. To in wutar ba ta isa ba ba zai taɓa rufewa ba, inji ya yi zafi amma ana ta ɗura mishi mai kamar yana sanyi, shi ya sa da safe lafiya, da zafi ya shaƙe ya mutu, buji ya yi baƙi, mai ya riƙa ƙarewa. Kuma wayar nan ɗaya ita ke ba fitilar gaba wuta, farar ita ke kai caji batir ta hanyar regilato. Sabon karbiraton da na saya ya zo da sabon cok ɗinshi amma shi ma wutar ba ta kai mishi, don haka bai canja komai ba.

Bai tsaya a baki ba, ya cire cok ɗin ya jona shi kai tsaye da wani batir, bayan kamar minti biyar ya ce in taɓa, ya yi ɗumi kuma allurar ta ƙara fitowa, wato lafiyarshi lau. Ya yanke ruɓaɓɓen fishin ya sa wani, ya goge wayar mas tsanwa, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, inda take ɗaure a ƙarfen moto don ita ma ta yi tsatsa, ya fesa ɗan mai a robar da ke tsakanin karbirato da inji yana sauraron ko sauti zai canja don ya tabbatar ba ta tsage tana shan iska ba. Filtar iska kuwa da ya buɗe ƙurar hunturu ta cika shi dam, ya ce a garin nan da hazo kar in wuce sati biyu ban sa an duba shi ba. Sai da inji ya yi zafi sosai sannan ya daidaita ralanti, ya ce ba a saita shi da sanyi, ya rage har tayar baya ta tsaya cak inji na bugawa a natse. Mita ta nuna 14.1.

Kuɗin aiki jika uku ya karɓa, fishi da buji jika ɗaya da dala ɗari. Ya kuma ce in kawo tsohon karbiratona in yana nan don mai yiwuwa lafiyarshi lau, na kawo ya wanke ya ce in aje shi.

Abin da bai min daɗi ba, jira. Na zo ƙarfe tara ban tafi ba sai bayan la'asar, don shi kaɗai ke taɓa harkar wuta ba ya barin yara, ga motoci biyar a gabana. Wurin zama na mata babu, benci ɗaya ne kuma maza sun cika shi, sai wata mai tuyar awara a gefe ta ba ni kujera. Ba ya aje kayan gyara, komai sai an aiki yaro cikin kasuwa, wayarshi kuma ba ya ɗauka in yana aiki, sau huɗu na kira kafin in zo. Yaran sun bar min baƙin mai a kan kujerar moto ya ɓata min hijabi, kuma roba ɗaya ba su ɗaure da kyau ba sai da na koma washegari, Baba ya yi musu faɗa a gabana ya ɗaure da kanshi bai karɓi komai ba.

Ya kuma ja min kunne kan man ruwa-ruwa na kwalba, ya ce ba duka ne marar kyau ba amma kwalbar da ta wuni a bakin hanya cikin ƙura datti na shiga, ramin jiklar ralanti kuwa, wato inda mai ke bi cikin karbirato, ƙanƙani ne kamar bakin allura, abu kaɗan ke toshe shi. Tun ranar a gidan mai nake sha in da hali, masu wanki kuma na hana su kai bakin feshi wajen wayoyi.

Yau sati bakwai ke nan, bai mutu min a hanya ba ko sau ɗaya, dimare na tashi, lita ta koma kwana uku. Wadda za ta je ta yi sammako kafin ƙarfe takwas kuma ta tafi da abin shimfiɗa a kujera, ran Juma'a daga sha biyu yake rufewa. Ni ma wata mai zuwa zan koma, ya ce akwai saitin bawul da ya kamata a duba kuma sai inji ya huce sarai ake yinshi, don haka can zan bar moton ya kwana.