Sure Start: Yadda cibiyoyin yara suka yi aiki a unguwannin talakawa na Ingila

Gwamnatin Tony Blair, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ce ta sanar da shirin Sure Start a 1998, ya fara aiki a 1999. A farkon shirin, unguwa ake zaɓa, ba gida ba. Ana ɗaukar wuraren da talauci ya fi yi wa katutu, a buɗe cibiya inda uwa za ta iya turo keken jaririnta ta iso da ƙafa, kuma duk iyalin da ke da yaro ƙasa da shekara 4 a yankin ya cancanta, ba a tambayarsa nawa yake samu. Nan ne ƙarfin shirin yake, domin ba wanda ke jin kunyar shiga wurin da maƙwabtansa duka ke zuwa.

A rufi ɗaya ake samun ungozoma, da ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gidaje, da taimakon shayarwa, da masu duba yaran da suka yi jinkirin magana, da shawarar neman aiki. Binciken IFS, wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Birtaniya, ya nuna kwantar da yaran da ke kusa da cibiyoyin a asibiti ya ƙaru suna shekara 1, wataƙila saboda cuɗanya da ke yaɗa cututtuka, amma ya ragu da suka girma. Sakamakon jarrabawar GCSE, wadda ɗalibai ke yi suna shekara 16, ma ya inganta, musamman na 'ya'yan marasa hali.

Akwai fa rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Tantancewar farko ta 2005 ta gano cewa iyalan da suka fi shiga ƙunci, kamar 'yan mata da suka haihu da ƙuruciya da gidajen da ba mai aiki, ba su amfana kamar sauran ba. Masu ɗan ƙarfi ne ke riga cika ɗakin. Uwar da damuwa ta danne ba za ta fito don an liƙa sanarwa ba, sai an ƙwanƙwasa mata ƙofa. Shi ya sa cibiyoyin da hukumomin lafiya suka jagoranta suka fi tasiri: suna da rajistar kowace haihuwa. Sannan talakawa da yawa suna zaune a wajen layin da aka shata a taswira.

Zuwa 2010 cibiyoyin sun haura 3,000. Bayan nan aka daina keɓe musu kuɗi na musamman, aka zaftare fiye da rabin kasafin, da dama suka rufe. Wannan kuskure ne babba, domin wani ɓangare na amfanin irin wannan aiki sai yaro ya shekara goma ko fiye yake bayyana.