Wane agogo za ka saya wa Raspberry Pi: DS1307, PCF8523 ko DS3231?

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce a kan allo ɗaya. Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da agogon da ke ci gaba da ƙirga lokaci bayan an kashe su. Da Pi ta tashi, intanet take tambaya ƙarfe nawa. In babu intanet, sai ta ɗora daga lokacin da ta adana kafin a ɗauke wuta. Duk wanda ya kafa ta tana rubuta shigowar ma'aikata, ko tana lura da batirin sola a ƙauye, ya san ɓarnar da wannan ke jawowa.

Maganin shi ne ɗan ƙaramin allo mai agogo da batirinsa, wato RTC. Linux, manhajar da ke tafiyar da Pi, na karanta shi lokacin tashi ta saita nata agogon, aikin da umarnin hwclock -s ke yi.

Cikin irin RTC ukun nan, DS1307 ya fi araha, amma araha ba ta ado. Volt 5 yake so, alhali ƙafafun Pi da ake jona shi da su na volt 3.3 ne, kuma canjin zafi da sanyi na sa shi gudu ko jinkiri. PCF8523 na kamfanin NXP yana aiki da 3.3 lafiya lau, sai dai shi ma yakan kauce da daƙiƙa ɗaya ko biyu a rana.

Ni dai DS3231 zan ce ka saya. Yana auna zafin jikinsa yana gyara ƙirgarsa, shi ya sa kuskurensa bai wuce kamar minti ɗaya a shekara ba tsakanin digiri 0 zuwa 40. Ko a zafin Afrilu na Sakkwato ko Yamai, kaucewar kaɗan take ƙaruwa. Amma ka duba rubutun jikinsa: DS3231M bai kai shi daidaito ba. Ka kuma kula da batiri. Allon DS3231 mai suna ZS-042 yana cajin batirinsa, don batirin LIR2032 mai karɓar caji aka yi shi. In ka cusa masa CR2032 na gama-gari wanda ba ya karɓar caji, musamman a volt 5, batirin zai iya kumbura.

Bayan ka haɗa, sai ka ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt, fayil ɗin saitin Pi, ka bari Pi ta samu lokaci daga intanet sau ɗaya, sannan ka rubuta wa agogon lokacin da umarnin hwclock -w.

Mai Raspberry Pi 5, wadda ta fito a 2023, ya huta da wannan duka: agogon na cikinta, batirin ML2020 kawai zai saya ya maƙala.