Kwas ɗin APA ga masu binciken kuɗin inshorar ma'aikata: me ake samu a ciki?

Cibiyar The Institutes ta Amurka ce ke bayar da shaidar APA (Associate in Premium Auditing, wato shaidar ƙwarewa a binciken kuɗin inshora), kuma ƙarfin karatun yana wajen rarraba ayyuka rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa da farashinsa. Kuɗin inshorar diyyar ma'aikata ana lissafa shi ne kan kowace dala 100 ta albashi, a ninka da farashin lambar aikin. A jadawalin NCCI, hukumar da ke tsara lambobin ayyuka a yawancin jihohin Amurka, 8810 ta ma'aikatan ofis ce, 8742 ta masu tallan waje, 5551 ta masu rufin gini. A sa mai rufi ƙarƙashin 8810, kuɗin inshorar sun zube ƙasa warwas, sai bincike ya tono shi.

Karatun ya yi kyau kan tarkuna biyu. Ƙarin kuɗin aikin bayan lokaci ana cire shi daga albashin da ake lissafi da shi a yawancin jihohi, amma sai littafin albashi ya ware shi daban. Ɗan kwangilar da bai kawo takardar shaidar inshorarsa ba kuwa, ana iya ɗora albashinsa kan wanda ya ɗauke shi.

Gibinsa: jihohi irin su Kalifoniya suna da hukumarsu da nasu ƙa'idoji, don haka sai mai koyo ya nemi littafin jihar da yake aiki.