Wasiƙa daga Newcastle zuwa ga Kawu

Assalamu alaikum, Kawu. Da fatan kana lafiya, da Inna da yara duka.

Ka tambaye ni yaya zaman Ingila. Wuta da ruwa ba sa yankewa, mota na zuwa a kan lokaci, amma kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu sai ya cinye rabin abin da mutum ya tara. Doya da daddawa sai a shagon 'yan Afirka, da tsada, kuma ba su kai na Dawanau ba. Bature bai iya yaji ba, wannan kam mun fi su.

Inda suka tsere mana shi ne riƙon kayan iyaye. Kusa da nan, a yankin Durham, akwai gidan tarihi mai suna Beamish, wanda aka kafa a 1970. Wanda ya assasa shi, Frank Atkinson, ya ga ramukan kwal suna rufewa, sai ya ce wa talakawa duk abin da suka kawo zai karɓa. Suka yi ta kawowa: fitilar mahaƙa, keken ɗinki, tukwane, har gine-gine aka kwance aka sake ɗora su a can. Yanzu gari ne sukutum, kana shiga tsohon taragon lantarki, ka sayi burodin da aka gasa irin na da. Tikiti ɗaya kuma shekara guda yake yi maka. Da yawa daga masu yi wa baƙi bayani 'yan sa kai ne, wasunsu jikokin mahaƙan. Na ga wata dattijuwa tana shafa wa murhun ƙarfe baƙin mai, tana ba yara labarin kakarta. Har gidan Norman Cornish, mahaƙin kwal da ya zama mai zane, sun sake ginawa don girmama shi.

Kawu, abin ya taɓa ni. Kayansu mafi yawa ba su wuce shekara 200 ba, mu kuwa Gidan Makama tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake. Ga marinar Ƙofar Mata, ga ganuwa ana ta gini a kanta. Dattawan da ke riƙe da waɗannan, wa ya taɓa kiransu ya yi musu ko da godiya a bainar jama'a?

Don Allah a ciro littattafan ajami na Malam daga adaka kafin gara ta gama da su, da allonsa da gafakarsa. A sa yara su ɗauki muryar Inna a waya tana faɗin asalin unguwarmu. Kuɗin akwati mai kyau zan aiko ƙarshen wata, in sha Allahu.

A gaida kowa da kowa.

Ɗanka.