Zaɓen rumbun bayanai na kyauta: abin dubawa bayan kyan allo

Mai kantin magani a Sabon Gari, ko mai makarantar kuɗi a Hotoro, ba kasafai yake zaɓen rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana lissafi da bayanansa a kwamfuta, da kansa ba. Abin da aka haska masa a allo shi yake saya. Ta wannan ƙofa MySQL, ɗaya daga cikin rumbunan kyauta, ta cika gari, domin ana haɗa ta da phpMyAdmin, manhajar sarrafa ta a allo, inda mutum zai ga teburan bayanai a jere, ya danna nan ya danna can, ya ji kamar ya gama fahimtar komai. Ɗalibai kuma da XAMPP suke koyo, kunshin manhajoji mai ɗauke da phpMyAdmin, sai su fito kasuwa da abin da hannunsu ya saba.

Ni dai PostgreSQL, wadda ita ma rumbun kyauta ce, nake ba da shawara, duk da cewa ba ta iya tallan kanta ba. Shafinta na intanet ba shi da ado, littafin bayaninta dogo ne mai gajiyar da ido, pgAdmin ɗin da ake sarrafa ta da shi kuwa yana da nauyi a tsohuwar kwamfuta. Amma asalinta aikin bincike ne da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, babu kamfani guda da ya mallake ta, kuma kowane babban bugu nata ana kula da shi shekara 5. Abin da ya fi damuna shi ne wuta. PostgreSQL tana fara rubuta kowane canji a wani kundi na gefe kafin ta taɓa ainihin bayanan, saboda haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar ciniki, da ta dawo sai ta bi kundin ta daidaita kanta. Na ga kantin da aka gina wa lissafi a kan tsohon tsarin MyISAM na MySQL, wuta ta tafi kafin a tada janareto, teburin masu bashi ya lalace, aka koma laluben rasit a cikin kwali. Gaskiya ne tun 2010 MySQL ta koma tsarin InnoDB mai jure irin wannan, amma sai ka tambaya kafin ka san wanne aka sa maka.

MariaDB reshen MySQL ce da aka fara a 2009, ba laifi. SQLite ta kwamfuta ɗaya ce ko waya. MongoDB ta fi kowa iya kwalliya, sai dai tun 2018 ta sauya lasisi zuwa wanda masu tantance buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da damar amfani da su da gyara su, ba su amince da shi ba.

Babbar matsalar ita ce 'yan tsakani. Akwai masu ɗauko manhajar kyauta su liƙa mata tambarinsu da launuka, kyan ɗan maciji, sannan su riƙa karɓar kuɗin “lasisi” duk shekara. Kuɗin aiki da na kulawa halal ne, amma lasisin PostgreSQL ba a biyan ko kwabo a kansa. Wasu gwajin da za su nuna maka kaya goma ne kacal a ciki, dole ya yi sauri. Wasu kuma su riƙe kalmar sirrin rumbun, ranar da kuka saɓa ka rasa hanyar shiga lissafinka. Kafin ka biya, ka sa a zuba kayan kantinka gaba ɗaya a kwamfutar gwaji, a zare wayar wuta ana cikin shigar da ciniki, a kunna ka gani. Sannan a fitar da kwafin ajiya a filashi, a mayar da shi a wata kwamfutar a gabanka, kuma a rubuta maka kalmar sirrin a cikin takardar yarjejeniya.