Exploring Economics: shafin kyauta mai kawo ra'ayoyin da ba a koya mana a aji ba

Duk wanda ya karanta tattalin arziki a jami'o'inmu ya haddace karatun: kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, kaya sun yi kaɗan, farashi ya tashi, magani kuma a ƙara kuɗin ruwa. Babban Bankin Najeriya ya yi ta ƙarawa har ya kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024, amma a Disamba hauhawar farashi tana kashi 34.8. Wata ɗalibata a sakandare ta tsare ni: "Malam, a hannun wa kuɗin suka yi yawa? Mu dai ba su zo gidanmu ba." Neman amsarta ne ya kai ni shafin intanet na Exploring Economics.

Wata ƙungiyar ɗalibai da malamai ce a Jamus ke tafiyar da shi, kuma ba a biyan ko sisi. Sun jera mazhabobin tattalin arziki, kowace da asalinta da hujjojinta, ta yadda mutum zai gwada su gefe da gefe.

Inda na fi daɗewa shi ne ɓangaren magada Keynes, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, wato su Joan Robinson da Kaldor, musamman Michał Kalecki ɗan ƙasar Poland. A wurinsu kamfani ba ya jiran kasuwa ta yanka masa farashi: yana lissafa abin da ya kashe, ya ɗora ribarsa a kai. To in an cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira kasuwa ta yanka mata daraja a Yuni, kuɗin mota da na taki sun tashi, buhun masara dole ya bi. Daga nan sai a shiga ja-in-ja kan wanda zai ɗauki asarar. 'Yan ƙwadago sun samu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, mai shago kuwa tuni ya sauya farashi tun kafin albashin ya shigo. Rashin aikin yi ma, a ganin magada Keynes, ƙarancin masu saye ke jawo shi, don haka matse albashi na iya kashe kasuwar mai masana'antar kansa. Ba duk abin da suka faɗa na yarda da shi ba, domin bashin da gwamnati ta riƙa ci daga Babban Banki shi ma ya taka rawa, amma bayanin ya fi kama da abin da nake gani a kasuwar Sabon Gari ta Zariya.

Turancin shafin na jami'a ne, ɗan sakandare sai da malami a gefe. Akwai Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram daɗi. Misalan sun fi karkata ga Turai da Amurka, na gida kai za ka nemo da kanka. Mai ƙaramar data ya fara da rubuce-rubucen, ya bar bidiyo sai ya samu ta dare.