Ƙwaya ko zaman magana: amsar tambayar Anti kan ƙaninta

Salam 'yan uwa. Anti kin ce tun da aka kama mashin ɗin ƙaninki a nan Legas ya daina fita, baya bacci baya cin abincin kirki, kun kai shi asibiti an ce ciwon damuwa ne an rubuta masa amitriptyline, yanzu kuma gida ya rabu biyu, wasu sun ce ya sha wasu sun ce ƙwaya zata maida shi wani iri gara a nemo ƙwararren da zai dinga zama da shi suna magana. Toh ga yadda abin yake ta kowane ɓangare.

Ƙwayar dai tana aiki, wannan ba musu. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da wani babban bincike da ya haɗa gwaji 522 akan magungunan damuwa guda 21, dukkansu sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta, sai dai tazarar bata kai yadda ake zuzutawa ba, kuma amfaninta yafi fitowa fili ga wanda ciwon ya yi wa nauyi. Sannan maganar nan da ake yawan faɗa wai wani sinadari serotonin ne ya yi ƙasa a ƙwaƙwalwa shi yasa sai an cika shi da magani, a 2022 Farfesa Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan sun bi binciken da aka yi shekara da shekaru suka ce babu hujja mai ƙarfi akai. Kar wani ya ɗauka sun ce a zubar da magani fa, Panadol ma yana sauke ciwon kai amma ai ba rashin Panadol a jiki ne ya kawo ciwon ba. Ƙwayar damuwar bata aiki nan take, sai an yi sati biyu zuwa huɗu wani har shida kafin a ga canji, amma wahalarta ita tun kwanakin farko take zuwa, amitriptyline na sa bacci da kasala da bushewar baki da taurin bayan gida, wasu magungunan damuwar irin su fluoxetine da sertraline kuma tashin zuciya, wani lokacin su rage wa mutum sha'awa wanda maza da yawa kunya ke hana su faɗa sai kawai su daina sha a ɓoye. In an samu sauƙi ma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida.

Zaman magana kuwa ba nasihar "kayi haƙuri haka Allah ya so" bane, wannan muna da ita a gida kyauta. Aiki ne mai tsari, kusan awa ɗaya duk sati, wani zama shida wani har ashirin, ana bin tunanin da ke cin mutum irin "ni na gama yawo, ba ni da amfani" ana warware shi, ana bashi abin da zai yi kafin zama na gaba ko da fita sallar jam'i ne da zuwa wajen abokai a Mile 12, a kuma zauna a lissafa matsalar kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda yafi suna a irin wannan zaman shi ne CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a. A ciwon da bai yi tsanani ba sakamakonsa kusan ɗaya da na ƙwaya, babu bushewar baki babu kasala, kuma inda yafi burge ni shi ne bayan an gama, wanda ya koyi dabarun ciwon baya saurin dawo masa kamar wanda ya sha magani kawai ya ajiye. Shi yasa a Ingila ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2022 ta ce kar a riƙa fara wa mai ƙaramin ciwo da ƙwaya sai in shi ya zaɓa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka take cewa.

Toh me yasa a nan takardar magani ake fara miƙo wa? Gaskiya ba wai dan tafi bane, tafi sauƙin samu ne kawai. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya basu kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, likita mai layi har waje ina zai samu awa ɗaya da mutum ɗaya. Amitriptyline kuma araha, kusan kowane kemis akwai. Shi zaman in na kuɗi ne tsada, in na gwamnati ne jira, ga goslo daga Agege zuwa Yaba yinin mutum ya tafi. Abin da ba a cika faɗa ba kuma shi ne yare, yaron da ya taso a Arewa ya zo Legas neman kuɗi ta yaya zai amayar da cikinsa da Turanci ko Yarbanci, in kuma aka sa yayarsa ta yi tafinta wlh rabin abin da ke ransa bazai fito ba. Ƙwaya ita ba ruwanta da yare. Abin haushin ma ba sai likita ba, a Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya koya wa wannan aikin suna zama da mutane akan benci a harabar asibiti kuma bincike ya nuna yana aiki, da mu ma a Idi-Araba da Alaba Rago muna da irin wannan da Hausa da an huta.

Ni a ganina Anti nauyin ciwon shi zai raba gardamar gidanku. In yana ɗan ci, yana hira in an ja shi, kuma kowa ya san daga rashin mashin abin ya faro kamar yadda ya faru da yaranmu da yawa tun hana acaba na 2022, toh kuna da haƙƙin ku koma ku tambayi likita ko akwai zaman magana, ko a haɗa biyun, kuma ku tashi tsaye ku nema masa abin yi dan ba ƙwayar da zata biya masa kuɗin haya. Amma in ya fara maganar mutuwa, ko ya daina ci gaba ɗaya, ko yana jin muryoyi, nan ba wajen gardama bane, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ko asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH a ranar, magani ya zama dole. A ci gaba da addu'a da ruƙiyya, basa hana zuwa asibiti.

In ya riga ya fara sha kar ku tsayar masa lokaci ɗaya, yana iya kawo jiri da rashin bacci da tashin hankali, likita ne ke ragewa a hankali. Kuma maganin ya zauna a hannunki kina bashi na rana rana, amitriptyline in aka sha da yawa zuciya yake taɓawa yana kisa. In bai kai shekara 25 ba ku ƙara sa masa ido a satuttukan farko. Ranar komawa ku faɗa wa likita gaskiya in yana shan tramadol ko wani abu, da kuma ko ya taɓa yin kwanaki baya bacci yana ta zuba da kashe kuɗi, dan in haka ne maganin daban ne, ku kuma roƙa a duba jininsa da ƙullin maƙoƙo wato thyroid. Allah ya bashi lafiya.